Aikin Manaja a Ƙaramar Ma'aikata da Babba



Abin da za mu duba yau shi ne, shin aikin mai kanti a Kantin Kwari ɗaya ne da na babban sakataren ma'aikatar gwamnati? A shekarar 1916 Henri Fayol, wani injiniyan haƙar ma'adinai a ƙasar Faransa, ya kasa aikin manaja kashi biyar, watau tsara abin da za a yi, shirya mutane da kayan aiki, ba da umurni, daidaita sassa, da bin diddigi. Mutanen nan biyu duk suna yin waɗannan, sai dai kowa da hanyarsa.

Mai kanti shi ne mai saro kaya, shi ne ma'aji, shi ne mai bin bashi. Ya san yaransa ɗaya bayan ɗaya, kuma in farashi ya motsa da safe, kafin azahar ya yanke shawara. Aibin wannan hanya kuwa, lissafin duka a kansa yake. In ya kwanta ciwo ciniki ya kwanta, in ya rasu sau da yawa dukiyar takan watse wajen rabon gado.

Da zarar ma'aikata ta girma, ido ɗaya ba ya isa. A 1933 V. A. Graicunas ya lissafta cewa manaja mai mutum 4 a ƙarƙashinsa yana da hulɗoɗi 44 da zai kula da su, mai 5 yana da 100, mai 6 kuwa 222. Dalili shi ne ba tsakaninsa da kowane ɗaya kaɗai ake ƙirgawa ba, har da abin da ke tsakaninsu su kansu. Saboda haka tilas ya wakilta wasu. Kakanninmu sun san wannan, domin madugun ayarin Gwanja ba ya tafiya sai da jagaba. Haka kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai ya riƙa sayen gyaɗa a ƙauyuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, babban manaja ta hannun wasu yake aiki, kayan aikinsa kuwa kasafin kuɗi ne da rahoto da ƙa'ida. Haɗarinsa shi ne takarda ta shiga tsakaninsa da jama'a, fayil ya yi wata uku yana jiran sa hannu. Don maganin irin wannan ne Kwamitin Udoji ya ba da shawara a 1974 cewa a yanka wa ma'aikaci abin da ake so ya cim ma, a auna shi da sakamako.

Shawarata ga ɗan kasuwa ita ce ya rubuta lissafinsa, ya raba aljihunsa da na kanti, ya horar da magaji tun yana da ƙarfi. Ku kuma ma'aikata, ku bar wa na ƙasa da ku abin da za su iya yankewa, ku riƙa fita ofis kuna ganin aikin da idonku.