Allura da Zare: Jawabi ga Masu Koyon Ɗinkin Hannu

Yau za mu yi magana a kan ɗinkin hannu, watau aikin da ake yi wa wuyan riga da hula da allura da zare. Dalilinmu shi ne, in an gama kaka, da yawa daga cikinmu sukan bar iyali su tafi cin rani don babu abin yi a gida. Amma wanda ya iya ɗinki yana zaune a zaurensa zai sami na cefane.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. An fara jihadi a 1804, Muhammadu Bello ya gina birnin nan a 1809. Tun zamanin nan Sarkin Musulmi yakan ba da riga ga wanda ya naɗa ko wanda yake son girmamawa. Malamai ne suke zana aikin da alƙalami da tawada, almajirai su bi zanen da allura. Kun san aska biyu da aska takwas, masu tsini kamar wuƙa a kan aljihu, kun kuma san tambari, da'irar nan da ake yi a ƙirji da baya. Zaren da aka fi daraja shi ne tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa. Akwai kuma alharini ja, wanda fatake suka riƙa kawowa daga Tarabulus ta hamada. A da aikin maza ne. Amma tun wajen 1970 matan birnin Zariya suka kama ɗinkin babbar riga a cikin gidajensu. Saboda haka wannan magana ta maza ce da mata.

To, mai koyo ba ya farawa da tsamiya. Ku nemi ƙyallen farin yadi, da allura, da almakashi, da zaren auduga mai launi, don ku ga inda kuka yi kuskure. Duk ana samunsu a Babbar Kasuwa.

Na farko, riƙon zare. Kada ku yanke fiye da kamu ɗaya, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Dogon zare yakan harɗe, kuma yawan ratsa yadi yakan cinye shi ya tsinke. Ku yanke da almakashi, ba da haƙori ba, don bakin zaren ya shiga kafar allura. Allura ta dace da zare. In ta yi ƙanana za ta goge shi, in ta yi kauri za ta bar huji. In zare ya murɗe, ku saki allurar ta yi reto, zai warware da kansa.

Na biyu, ɗinki. Ku ja layi miƙaƙƙe a kan ƙyallen. Ku soka allura, ku fito, ku soka, ku fito, kowane taki daidai da ɗan'uwansa. In wannan ya zauna a hannu, sai ku koyi mai komawa baya: allura ta fito a gaba, ta koma ta shiga inda ɗinkin baya ya ƙare. Sa'an nan sarƙa. Allura ta fito, ku danne zaren da babban yatsa, ku mayar da ita ramin da ta fito, ta ɓullo gaba kaɗan a cikin zoben zaren, ku ja. Zobe na kama zobe ke nan. Daga ƙarshe sai ɗinkin ido: a huda ƙaramin rami, a kewaye bakinsa da zare. Irin wannan ido, ɗaruruwa a jere, shi ke cika aikin babbar riga.

Na uku, ja. Nan ne masu koyo suka fi ɓata aiki. In kun ja da ƙarfi yadi zai tattare, ko an buga shi ba zai kwanta ba. In kun yi sakwa-sakwa zare zai tashi, ya maƙale a wanki. Ku juya bayan aikin ku duba. In bayan ya yi tsaf, gaban ma ya yi. In zare ya kusa ƙarewa, ku cusa shi ƙarƙashin ɗinki uku ko huɗu ta baya, kāna ku yanke.

Ku wanke hannu kafin ku taɓa aiki, gama jan goro da maiƙo ba su fita da sauƙi. Ku yi ɗinki da rana a inuwa mai haske, kada ku wahalar da idonku da dare. Kuma kada wanda ya karɓi yadin mutane don Salla ta matso, alhali hannunsa bai faɗa ba. Wanda ya ɓata rigar wani zai biya, kuma sunansa ya ɓaci.

Gaskiya ne yanzu akwai keken ɗinki mai sauri, amma aikin hannu ya fi shi tsada, masu sani kuwa suna nemansa. Sannu ba ta hana zuwa. Mako mai zuwa kowa ya zo da ƙyallensa, da layi biyar na ɗinki miƙaƙƙe da biyar na sarƙa, mu duba tare. Allah ya sa albarka.