Ciwo Biyu a Jikin Mutum Ɗaya

Jawabin kwamitin lafiya a taron dattawa da shugabannin zumuntar mata

 An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan 'yan'uwanmu masu ɗauke da kaya biyu, wato taɓin hankali mai tsanani da kuma shan giya ko ƙwaya. Da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da irinsu, ko da ba a ambaton sunansu lokacin addu'a.

Bari mu fara da abin da ya faru a wata ikkilisiyarmu ta ƙauye. Wani magidanci ya yi shekaru yana jin muryoyi suna zaginsa da dare. Da ya gane ogogoro na sa shi barci, sai ya riƙe ta. Majalisar dattawa ta sa shi ƙarƙashin horo, aka ce ya dawo ranar da ya daina sha. A asibitin da aka kai shi aka ce ya fara barin giya tukuna. A wani gidan addu'a kuma aka ce ya zubar da ƙwayoyin likita, wai rashin bangaskiya ne. Kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa sai a nuna masa wata. Ba zargin kowa muke yi ba, domin wasunmu da ke tsaye a gabanku muna cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar horon.

Likitoci ma sun daɗe suna wannan kuskure. A Amurka, asibitin ƙwaƙwalwa yana gefe guda, gidan gyaran mashaya yana gefe guda, kowanne yana tura majinyaci wajen ɗaya. Sai daga shekarun 1980 masu bincike, musamman a jihar New Hampshire, suka fara haɗa jinyar biyu a hannun ma'aikata ɗaya, a lokaci ɗaya. Dalilin a bayyane yake. Ciwon yana tura mutum ga sha domin ya sami sauƙi, shan kuma yana sa ya manta maganinsa, ciwon ya taso da ƙarfi. Wiwi tana da muni ƙwarai a nan, domin takan ta da muryoyi da zargin mutane ga wanda dama yake da ciwon. In aka jira ɗaya ya warke kafin a taɓa ɗayan, za a yi ta jira har a binne mutum.

Akwai abu ɗaya da muke roƙon kowane dattijo ya tafi da shi gida. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, kada a kulle shi a ɗaki a yanke masa ita farat ɗaya. Cikin awa 6 zuwa 24 jiki yakan fara rawa, gumi ya karyo, wani ya faɗi kamar mai farfaɗiya. A rana ta biyu ko ta uku wasu sukan ruɗe, su riƙa ganin abubuwa, zazzaɓi ya rufe su, kuma wannan yana kisa. A asibiti ana ba su maganin kwantar da jijiya irin su diazepam da bitamin B1, ana lura da su har haɗarin ya wuce. Mun ji iyalai da suka ga wannan ruɗewa suka ce aljanu ne ke fita, suka ƙara ƙarfin waƙa. Lokacin neman mota ne. Tiramol ma, in an sha da yawa, yana jefa mutum cikin faɗuwa irin wannan.

Ga wanda ke manta ƙwaya kullum, akwai allurar taɓin hankali da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu. Ku tambayi likita. Kuma ku gaya masa gaskiyar abin da mutumin yake sha da yawansa. Iyalai sukan ɓoye saboda kunya, likita kuwa ba boka ba ne.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin tarayya suka yi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, ban da giya da taba. A 2018 aka hana maganin tari mai kodin. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙi a matsayinsa na mutum. Ɗaure mutum da mari, ko a gida ko a gidan addu'a, ba jinya ba ce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Ikkilisiyar Methodist ta riga mu a wannan aiki da gidan Amaudo a jihar Abiya, inda ake karɓar masu yawo a titi, a yi musu magani, a mai da su ga danginsu.

Sai maganar horo. Ba mu ce a daina kiran maye da sunansa ba. Amma horon da zai hana mutum zama a benci, ya hana 'yan'uwa shiga gidansa, ya miƙa shi ne ga mai sayar da burukutu, domin ita ba ta korar kowa. Za a ga ya daina wata uku, ya koma, ya sake dainawa. Haka wannan ciwo yake tafiya, kamar hawan jini da ke sauka ya sake hawa. In ya koma sha a mai da shi wurin likita, kada a ce an gama da shi.

Ɗan'uwan nan da muka ambata yana karɓar allurarsa duk wata yanzu. Bai daina sha gaba ɗaya ba, amma ya rage ƙwarai, bana ma ya noma gonarsa. Wani dattijo ne ke ɗaukarsa a babur zuwa tasha ranar asibiti, zumuntar mata ke biyan kuɗin mota. Muna roƙon kowace ikkilisiya ta ba sakatare sunan mutum biyu, namiji da mace, da za su riƙe irin wannan aiki, kafin taronmu na gaba.