Likitan Iyali da Wakafin da Zai Zaunar da Shi a Cikinmu

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara na masu bayar da zakka da wakafi da kwamitocin masallatai

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Lissafin abin da ya shigo da abin da aka raba yana cikin rahoton da ke hannunku, kuma ma'aji zai yi bayaninsa. Mu abu ɗaya muke so mu tsaya a kansa, wato wasu matasan likitoci huɗu da suka fara neman ƙwarewa a fannin likitancin iyali, suka kuma rubuto wa gidauniya cewa burinsu shi ne su yi aiki a wannan yanki namu. Muna so ku san ko su wane ne, da abin da ya ja hankalinsu, da abin da ya rataya a wuyanmu game da su.

Bari mu fara da ma'anar likitan iyali. A manyan asibitoci kowane ƙwararre da ɓangarensa: wannan na yara, wancan na mata, wani na ƙashi, wani na ido. Shi kuwa likitan iyali an horar da shi ne ya karɓi duk wanda ya shigo, jariri ko tsoho, mace ko namiji, ya magance mafi yawan abin da ke damunsu, ya kuma gane wanda ya fi ƙarfinsa ya tura shi gaba tun da wuri. Yana karɓar haihuwa, yana yin ƙananan ayyukan tiyata, yana bibiyar mai hawan jini da mai ciwon sukari shekara da shekaru. Abin da ya fi bambanta shi da sauran shi ne yana duban mara lafiya tare da gidansa: me ake ci, wane ruwa ake sha, wace sana'a ake yi, wa ke da ikon cewa a tafi asibiti. Garin da bai da halin tara ƙwararru goma, irin wannan likita guda shi ne babban rabonsa.

Mu nan ba sai an ba mu labarin amfanin duban gida ba. A shekarar 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yaro ya yi amai, ya yi jijjiga, ya suma, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, a ba da magani bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura cewa mace-macen sun fi yawa a gidajen da ake daka duwatsun zinariya, aka auna jinin yaran, sannan aka gane gubar dalma ce. Ƙurar tana cikin tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara kimanin 400 suka rasu. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jiki, Bagega kuma sai a 2013 aka share ta. A 2022 ƙungiyar ta miƙa wannan aiki ga hukumomin jiha. Allah ya saka musu da alheri, amma baƙo komai daɗewarsa mai tafiya ne. Tambayar da ta buɗe asirin waccan annoba ita ce: me kuke yi a cikin gidan nan? Ita ce tambayar da ake koya wa likitan iyali ya yi kullum.

Yanzu ga matasan namu. Ba za mu ambaci sunayensu ba saboda halin tsaro da muke ciki.

Na farko ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Anka, mahaifinsa manomi ne da ke haƙar zinariya da rani. Yana yaro aka yi annobar dalma, ya ga an binne ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta. Hankalinsa yana kan lafiyar yara da cututtukan da sana'a ke jawowa. Ya rubuta mana cewa yaran da suka tsira a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu gubar ta taɓa musu fahimta, kuma yana so a sami wanda zai ci gaba da bibiyarsu.

Ta biyu 'yar Gummi ce, kakarta ungozoma ce da ta karɓi haihuwar rabin unguwarsu. Ita abin da ya dame ta shi ne matar da ke kwana biyu tana naƙuda a gida, ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ko ana jin nauyin namiji ya duba ta. Ta yi aikin sa kai lokacin ambaliyar da ta ci Gummi a watan Agusta na 2024, ta ga yadda mai ciki ke zama ta ƙarshe da ake tunawa da ita idan gari ya rikice.

Na uku ɗan Bukkuyum ne, a makarantar allo ya fara, ya haddace Alƙur'ani kafin ya shiga boko da girmansa. Ya yi shekaru yana ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye, sannan ya sake zama jarrabawa ya shiga karatun likita. Shi ya fi mai da hankali ga hawan jini da ciwon sukari, da ciwon damuwa da ke kama waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Yana kuma so ya zauna da malamai masu ruƙiyya, domin a san mara lafiyar da addu'a za ta tafi tare da magani a kansa.

Na huɗu ba ɗan yankin nan ba ne. Bautar ƙasa ce ta kawo shi daga kudu, ya koyi Hausa a bakin marasa lafiya, ya ce ya ga inda ake bukatarsa. Wanda ya zaɓe mu alhali yana da wurin zuwa, haƙƙinsa a kanmu ya ninka.

Uku daga cikin huɗun 'ya'yan ƙasar nan ne, kuma wannan ba dace ba ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a 2010, ta sabunta su a 2021, kan yadda za a sami ma'aikatan lafiya su zauna a karkara. Cikin manyan abubuwan da ta nuna akwai cewa ɗalibin da ya tashi a karkara ya fi yiwuwa ya koma can ya yi aiki, haka ma wanda ya yi wani ɓangare na horonsa a can. Sannan muhalli mai kyau da kayan aiki suna cikin abin da ke zaunar da shi. Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu kuma muna cewa kada gida ya fara barin ɗansa.

Hanyar da suke kai doguwa ce. Shekara shida a jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano. Shekara ɗaya ta horo a asibiti. Shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Sannan wasu shekaru na neman ƙwarewa a asibitin da aka amince da shi, ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma. A ciki akwai jarrabawa mataki-mataki, kowace da kuɗinta da tafiyarta, da bincike da za a rubuta a ƙarshe. Ranar da ɗayansu ya gama, Abuja za ta neme shi, Saudiyya da Ingila ma ƙofarsu a buɗe take. Ba laifi ba ne mutum ya nemi inda iyalinsa za su ji daɗi. Tambayar ita ce me muka tanada da zai sa zama a Anka ya yiwu.

A nan ne fiƙihu ya shigo. Imam Gazzali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma koka da yadda za a ga gari cike da masu karatun fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Magabatanmu na wannan ƙasa ba su yi sakaci da fannin ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Farillar kifaya kuwa, idan babu wanda ya tsaya da ita, laifin na kowa ne.

Sai dai dole a bambanta aljihu biyu. Zakka tana da gidaje takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina asibiti ko gidan likita da ita, ba a kuma ba likita mai albashin da ya ishe shi. Za a iya ba ɗalibi matalauci saboda talaucinsa, da mara lafiya mabukaci, da wanda bashin jinya ya yi masa katutu. Shi kuwa wakafi ƙofarsa a yalwace take. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara, aka riƙa ciyar da amfaninta. Da wakafi aka riƙe asibitin da Nuruddin Zanki ya gina a Dimashƙa a 1154, inda Ibnun Nafis ya koyi likitanci, da kuma asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. Wani sauƙi da Malikiyya ta yi mana shi ne ta halatta wakafi na ƙayyadadden lokaci, da wakafin abin da ake iya ɗauka. Ke nan mai gida a Gummi zai iya tsayar da shi shekara biyar domin likita ya zauna, bayan nan ya koma hannunsa. Mai babur ko na'urar hasken rana shi ma yana da abin bayarwa.

Saboda haka muna roƙon abubuwa huɗu. Na ɗaya, gida mai ruwa da haske kusa da babban asibitin kowane gari cikin ukun nan, wakafi na dindindin ko na wa'adi. Na biyu, shago ko gona ko fadama da za a riƙa biyan kuɗin jarrabawa da bincike daga amfaninsu, bisa rubutacciyar yarjejeniya cewa wanda ya amfana zai yi wa yankin aiki na shekarun da aka amince. Na uku, kowane kwamitin masallaci ya duba cikin unguwarsa ya kawo mana sunan ɗalibi ko ɗaliba mai hazaƙa a darussan kimiyya da talauci ke neman tsayar da karatunsa. 'Yan mata muka fi bukata, domin kun ji dalilin 'yar Gummi. Na huɗu, limamai su sa a cikin huɗuba cewa kada a daka dutsen zinariya a cikin gida, kuma maigida ya ba da izinin zuwa asibiti tun kafin ranar naƙuda.

Albashi da kayan aiki da tsaron hanya haƙƙin gwamnati ne, ba mu ɗauke mata ba, kuma za mu ci gaba da tunatar da ita tare da Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha. Mun san ma'aikacin lafiya ma ana tare shi a hanya, kuma ba mu da ikon yi wa kowa alƙawarin aminci. Abin da ke hannunmu shi ne ɗaki da ruwa da kuɗin jarrabawa, da mutunci idan ya zo. Takardun wakafi suna wurin ma'aji, kuma za a karɓi sunayen ɗalibai daga kwamitoci kafin shigowar Ramadan.

Allah ya karɓi zakkarku, ya sanya wakafinku ya zama sadaka mai gudana. Allah ya jiƙan yaran da muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.