Hatimin Lokaci: Yadda Za Mu Tsare Takardunmu a Zamanin Kwamfuta



Mu da muka yi aikin koyarwa mun san darajar rajistar makaranta. Littafi ne ɗinkakke, kowane shafi da lambarsa, kowane suna da ranar shigarsa. Duk wanda ya yage shafi, ko ya cusa suna a tsakiya, nan da nan asirinsa zai tonu. Yau kuwa yarjejeniyar sayen fili, da rasidin gudummawa, da takardar rabon gado, duk ta wayar hannu muke aika wa juna. Ita kuwa takardar kwamfuta ba ta nuna kankara. Ana iya mayar da naira dubu 500 ta koma dubu 50, a sauya kwanan wata, ba tare da wata alama ba. To, in rigima ta tashi bayan shekara goma, shaidu sun riga mu gidan gaskiya, da me za mu kafa hujja?

Wannan matsala ce ta dami wasu masana biyu a Amurka, Stuart Haber da Scott Stornetta, har suka wallafa maganinta a 1991. Kwamfuta ce ke lissafa takarda, ta fitar mata da lamba ta musamman, tamkar dangwalen ɗan yatsa. A lissafin da ake kira SHA-256, lambar ta ƙunshi haruffa da alƙaluma 64, kuma ko ɗigo ɗaya aka taɓa a takardar, za ta sauya gaba ɗaya. Sai a shigar da ita cikin kundin da kowane shafinsa ke ɗauke da dangwalen wanda ya gabace shi, kamar zoben sarƙa. Daga 1995 kamfaninsu ya riƙa buga lambar kundin mako-mako a jaridar New York Times, domin babu mai iya bin kwafen jarida duka ya goge.

Irin wannan kundi shi ake kira bulokcen. A 2009 Bitcoin ta fara aiki da shi: kusan kowane minti goma ake ƙara shafi, kuma dubban kwamfutoci a faɗin duniya na riƙe da kwafinsa. Akwai manhaja mai suna OpenTimestamps da ke cusa dangwalen takarda a ciki kyauta. Takardar ba ta barin hannun mai ita, lambar kaɗai ake aikawa, kuma ba a buƙatar sayen Bitcoin.

Ta fuskar shari'a, Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta karɓi takardun kwamfuta a sashe na 84 bisa wasu sharuɗɗa, ta kuma amince da sa hannu na lantarki a sashe na 93.

Sai dai, 'yan'uwa, kada mu ɗora wa hatimin nan kayan da ba nasa ba. Abu biyu yake tabbatarwa: takardar ta wanzu tun ranar da aka buga mata shi, kuma ba a taɓa ta ba tun daga lokacin. Ba ya faɗin ko abin da ke ciki gaskiya ne, ko wane ne ya sa hannu. In aka buga wa ƙarya hatimi, tana nan ƙarya, ta dai sami kwanan wata. Saboda haka mai unguwa da shaidu da lauya suna nan a matsayinsu, haka ma takardar mallaka ta gwamnati.

Shawararmu ita ce, kwamitin zartarwa ya tattara takardun filayen ƙungiya da rahoton kuɗi na kowace shekara, matasanmu masana kwamfuta su ɗauki hotonsu su buga musu hatimi, a ajiye kwafi a gida da kowane reshe, tare da shaidar hatimin. Kada kuma a sake taɓa kwafin, domin gyara kaɗan yakan ɓata shaidar. Rigakafi ya fi magani, musamman a kan abin da ke raba zumunci.