Zaƙami: Fure a Gida, Guba a Gona

Jawabin da malamin gona ya yi wa manoma a Malam Madori

 

Yau ba zancen taki ko irin shinkafa ne ya tara mu ba. Makon jiya wani ɗan'uwa ya tare ni a kasuwa, ya nuna mini hoto a wayarsa. Wata 'yar bishiya ce mai manyan furanni kamar kakaki, duk sun rataya kai ƙasa. Ya ce so yake ya dasa a tsakar gida, kuma ya koyi yadda ake haɗa fari da mai launi a sami sabon iri. Na ce masa, Malam, ai ƙanin wannan yana nan bayan gidanka a kan juji. Shi ne zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, wasu kuma babba-jibji.

Wancan na hoto Turawa suna ce masa kakakin mala'iku. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. Itace ne mai daɗewa, yakan fi mutum tsawo, kuma reshensa ake yanka a dasa. Yana son ruwa da yawa da iska mai laima. A Jos zai ji daɗi, amma a nan zafin bazara da bushewar hunturu za su wahalar da shi, furen ya riƙa zubewa tun bai buɗe ba. Ban ba kowa shawarar ya ɓata kuɗinsa a kansa ba. Namu zaƙamin gajere ne, bai cika wuce ƙirjin mutum ba, furensa yana kallon sama, 'ya'yansa kuma dunƙule ne mai ƙaya-ƙaya. Dukansu dangin tumatir ne da gauta da barkono da taba, kuma guba iri ɗaya gare su.

Shukarsa ba ta da wuya. A jiƙa irin ya kwana cikin ruwa, a shuka shi zurfin rabin gaɓar yatsa a ƙasa mai takin gargajiya, a bar taku ɗaya babba tsakanin gindi da gindi. Yakan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya tsiro. Yana son rana, ba ya son ruwa ya kwanta masa. Wajen wata uku sai fure. Da yamma yake buɗewa, ya yi ƙanshi da dare, don wani irin malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki shi ne yake zuwa shan ruwan zaƙinsa.

To, maganar haɗa iri, watau barbara. Wannan ku saurara da kyau, domin amfaninta ya wuce zaƙami. Idan ka tsaga fure ɗaya za ka ga tsinkaye shida a ciki. Biyar suna da kai mai gari-gari, irin bununin da kuke gani a kan gero da masara. Waɗannan su ne maza. Na shidan yana tsakiya, kansa da ɗan danƙo, gindinsa kuma shi ne zai zama ɗa. Ita ce macen. Da yake namiji da mace suna ɗaki ɗaya, yawanci furen shi yake yi wa kansa barbara, sau da yawa ma tun bai gama buɗewa ba. Shi ya sa farin zaƙami yake ta haifar fari.

In kana so ka haɗa fari da mai ruwan shunayya, sai ka riga furen. Zaɓi wanda ya rage kwana biyu ya buɗe a jikin farin, ka tsaga shi ta gefe da reza, ka tsinke mazan nan biyar tun garinsu bai fashe ba. Kada ka taɓa macen. Ka rufe shi da ambulan ta takarda, ba leda ba, don leda tana dafa fure. Ranar da ya isa buɗewa, da yamma, ka tsinko namiji daga mai shunayya ka goga garinsa a kan macen, ka mayar da ambulan, ka ɗaura zare a gindin furen don shaida. In ya kama, bayan 'yan kwanaki gindin zai soma kumbura. Cikin wata ɗaya zuwa biyu ɗan ya nuna.

Kada wanda ya shuka irin nan ya yi fushi in ya ga 'ya'yan farko duk sun ɗauko kamannin gefe ɗaya, galibi mai launin. Farin bai ɓace ba, ɓuya ya yi. A shuka ta biyu ne za su rarrabu, wannan fari, wancan mai launi, wani a tsakani. Wannan ne dalilin da ya sa kullum muke ce muku kada ku ajiye iri daga masara ko tumatir mai aure da kuka saya a leda: shekara ta biyu sai ya warwatse, kowane gindi da halinsa. Kuma hannun da ya iya wannan aiki a kan zaƙami, mai babban fure, zai iya shi a kan kuɓewa da tumatir. Can ne ma zan fi so ku kai shi.

Yanzu ga inda nauyin maganar yake. Babu wani sashe na zaƙami da ba guba ba, ganye da fure da saiwa, amma 'ya'yan sun fi. Bushewa ba ta kashe gubar, dafuwa ma haka. Kuma ƙarfinta ya bambanta daga gindi zuwa gindi, saboda haka duk mai cewa ya san ma'auni, ƙarya yake yi wa kansa. Ina faɗin haka ne saboda samarin da ke zuba shi a zoɓo wurin biki, da masu ba mai asma hayaƙin ganyensa.

Wanda ya ci, bakinsa yakan bushe, baƙin idonsa ya buɗe, jiki ya yi zafi babu gumi, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai ya shiga sambatu, yana cafkar abin da babu. Na taɓa iske irin wannan a wani ƙauye da nake zagaye: yaro ɗan shekara shida, an taru a kansa ana cewa iska ce ta buge shi. Yayarsa ce ta ce sun yi wasan 'yar girki da 'ya'yan wani tsiro. Allah ya sa aka kai shi asibiti da wuri, ya tashi. In haka ta faru, kada a tsaya turare, kada a ɗaure shi ko a doke shi, kada a ɗura masa manja ko nono, don yana iya shaƙewa. A shafa masa tsumma mai ruwan sanyi, a tsinko reshen tsiron a riƙe don likita ya gani, a nufi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Haɗeja.

Dabbobi ba su cika cin ɗanyensa ba saboda warinsa. Amma in ya shiga cikin harawa ya bushe, akuya ba ta tantancewa.

Sai amfanin gona. Mu nan riɗi da zoɓo su ne kuɗinmu. Irin zaƙami ƙanana ne, faffaɗa, ruwan ƙasa, kaɗan suka fi riɗi girma. In akwai gindi ɗaya kusa da inda aka jingine damman riɗi, ko a bakin masussuka, ɗa ɗaya ya fashe a kan tamfol, to ya shiga buhu, kuma sheƙa ba ta fitar da shi duka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, an raba garin kunu na agaji wanda irin wani ɗan'uwan zaƙami ya gauraya da shi. Mutum wajen 300 suka kwanta, biyar suka rasu. Tun daga Satumba 2022 kuma ƙasashen Tarayyar Turai suka sa iyaka a kan wannan guba a cikin gero da dawa da masara da busassun ganyaye da furannin da ake yin shayi da su. Zoɓonmu a wannan layi yake. Mai saye daga waje ba ya tambayar gonar wa aka samu, sunan yankin duka yake ɓaci.

Masu lambu a fadama, ku ma akwai naku. Kun tuna ɓarnar da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a 2016. Ita da farin ƙuda mai kawo nanaɗewar ganye suna iya fakewa a jikin dangin tumatir irin su zaƙami, su jira sabon dashe. Kada a bar shi a kan kunya ko bakin hanyar ruwa.

Saboda haka wanda ya ce lallai sai ya yi furen nan a gida, sharaɗina gare shi shi ne ya kewaye shi da shinge inda yaro da akuya ba sa kaiwa. In gidan yana da yara ƙanana kuwa, ya haƙura har su yi wayo. Da zarar fure ya yanƙwane a tsinke shi, kada a bari ya yi ɗa, sai wanda aka ɗaura wa zare. Shi ma a sa masa 'yar jakar tsumma kafin ya fashe, irin kuma a kulle shi a kwalba mai rubutu, nesa da ɗakin girki. Bayan an taɓa shi a wanke hannu da sabulu kafin a kai ido ko baki, don ruwansa in ya shiga ido yakan dushe gani na kwanaki.

Na gona kuwa tumɓuke shi za a yi tun bai yi 'ya'ya ba. Wanda ya riga ya yi, a yanke 'ya'yan a hankali cikin buhu, a haƙa rami mai zurfi a binne. Kada a zuba a juji, don daga juji gona zai koma tare da taki, kuma irinsa yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Kada a yi girki da karansa. In an ƙone, a yi nesa da gari, kada kowa ya tsaya a hayaƙin.

Mun yi magana da mai gari, kafin a fara yankan riɗi za a yi gayya a share bakin masussukai da jujin bayan gari. Wanda ya ga tsiron da yake shakka, ya naɗo reshe a takarda ya kawo mini ofis ranar kasuwa. Mai tambaya ya ɗaga hannu.