Jufita: Babbar Duniya Mai Sunan Sarkin Allolin Rum

Jufita, wadda malaman falaki na Larabawa ke kira Mushtari, ita ce mafi girma cikin duniyoyi 8 da ke kewaya rana. Faɗinta ya kai na duniyarmu sau 11, nauyinta kuma ya ninka na sauran bakwai ɗin a haɗe fiye da sau biyu. Duk da girman nan, ba ta cika awa 10 wajen juyawa sau ɗaya, amma kewaya rana na cin mata kusan shekara 12.

Rumawan dā ba su san girmanta ba. Haskenta kawai suka gani, suka ba ta sunan sarkin allolinsu, mai sama da tsawa, wanda babban ɗakin bautarsa ya kasance a kan tudun Kafitolin a birnin Rum. Zaɓin ya dace ba tare da sun sani ba.

A 1610 Galileo ya hango manyan watanninta huɗu. Daga baya aka sa musu sunayen waɗanda allan ya yi soyayya da su a tatsuniyoyin Girka: Io, Yurofa, Ganimid da Kalisto. Kumbon da Amurka ta aika, wanda ya isa can a 2016, sunan matarsa Juno aka ba shi, ita da aka ce tana hango ɓarnar mijinta ta cikin gajimare.