Wayar Hannu Da Karatun Intanet A Duniya

Jawabi ga Hakimai da Malaman Hakimai

Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wani babban canji da ya auku a duniya, watau yadda yawancin mutane suka koma ga wayar hannu wajen karanta abin da ke cikin intanet, bayan da can sai da kwamfuta a ke yinsa. Maganar ta shafi Hakimi ƙwarai, gama aikinsa na fari shi ne isar da umurnin Sarki da na Gwamnati ga talakawa, da kai kukan talakawa sama. Kowace hanya labari ke bi zuwa kunnen jama'a, wajibi ne Hakimi ya san ta, ya san amfaninta da aibinta.

ASALIN ABIN

Intanet, kamar yadda aka sani, haɗuwar kwamfutocin duniya ce, suna miƙa wa juna rubutu da hoto da murya. A 1989 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a ma'aikatar binciken kimiyya ta CERN a ƙasar Suwizalan, ya ƙago dabarar shirya shafuffuka yadda mutum zai taɓa kalma a wannan shafi ta kai shi wancan. Ita ce a ke kira yanar gizo. A 1991 aka buɗe ta ga kowa. A lokacin ba mai iya shiga sai wanda ke da kwamfuta bisa tebur, da wutar lantarki, da wayar tarho ta igiya. Saboda haka abin ya tsaya ga jami'o'i da ofisoshi da gidajen masu hali.

Ita kuwa wayar hannu hanyarta dabam. A 1973 wani injiniya na kamfanin Motorola, Martin Cooper, ya yi kira na farko da ita a birnin New York na Amurka. Da aka fara sayar da ita a 1984, kuɗinta ya kusa dala 4,000, nauyinta ya kusa kilo guda, ba ta kuwa yin kome sai magana.

Sannu a hankali hanyoyin nan biyu suka gamu. A 1999 kamfanin NTT DoCoMo na Japan ya fito da tsarin da ya sa mutum ya iya karanta ƙananan shafuffuka a wayarsa, a 2001 kuma ya buɗe sabis mai sauri da a ke kira 3G. A 2006 wani kamfani na Norway ya baza manhajar Opera Mini a duniya, wadda ta kan matse shafi ya ƙanƙance kafin ya iso waya, don haka ko ƙaramar waya mai madannai ta iya buɗe shi da kuɗi kaɗan. A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, wadda fuskarta gilashi ce a ke shafawa da yatsa. A 2008 aka sayar da waya ta farko mai tsarin Android na kamfanin Google. Da ya ke an bar wa masu ƙera waya wannan tsari su ɗauka ba da saye ba, kamfanoni da yawa suka shiga yi, farashi ya yi ta sauka. Sabis na 4G ya fara a Suwidin da Norway a ƙarshen 2009, na 5G kuma a Koriya ta Kudu da Amurka a 2019.

SHEKARAR DA WAYA TA RINJAYA

A 2015 kamfanin Google ya sanar cewa a ƙasashe 10, ciki har da Amurka da Japan, tambayoyin da a ke yi masa ta waya sun fi waɗanda a ke yi ta kwamfuta yawa. Sa'an nan wani kamfani na ƙasar Ayalan mai suna StatCounter, wanda sana'arsa ita ce ƙidaya yawan buɗe shafuffuka, ya ba da labari cewa a watan Oktoba na 2016 wayar hannu da allon hannu sun ɗauki kashi 51.3 cikin ɗari na buɗe shafi a duniya duka, kwamfuta ta tsira da kashi 48.7. Wannan shi ne karo na farko da aka ga haka. A shekarun da suka biyo baya rabon waya ya ƙaru, har ya riƙa kai da komowa kusa da kashi 60.

Ya kamata Malamai, da ya ke su ma'abota lissafi ne, su lura da abu biyu game da wannan ƙidaya. Na ɗaya, buɗe shafi a ke ƙirgawa, ba kawunan mutane ba. Mutum guda ya kan buɗe shafi ɗari a yini. Na biyu, hirar da a ke yi cikin manhajoji irin su WhatsApp ba ta shiga lissafin. Da an haɗa da ita, da rabon waya ya fi haka nesa.

Har wa yau ƙasashe ba su zama ɗaya ba. A watan nan na Oktoba 2016, kwamfuta ce ke gaba a Amurka da kashi 58, a Ingila ma ita ce gaba, amma a Indiya waya da allon hannu sun kai kashi 75. Dalili kuwa a fili ya ke. Mutanen Turai da Amurka sun saba da kwamfuta tun kafin waya ta yi wayo, sai ta zama ƙari a gare su. A Asiya da Afirka kuwa miliyoyin mutane ba su taɓa mallakar kwamfuta ba, ta waya suka fara ganin intanet, ita kaɗai kuma suka sani.

DALILAN RINJAYEN

Dalili na farko araha. Kuɗin kwamfuta guda ya sayi wayoyi da dama. Wani kamfani na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai suna Transsion, wanda ke yin Tecno da itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka domin ya kula da bukatar talaka: batir mai daɗewa, da gurbin layi biyu ko fiye, da farashi mai sauƙi. A Indiya kuma, da kamfanin Jio ya buɗe a watan Satumba na 2016, ya karya kuɗin data har sauran kamfanoni suka bi shi tilas, mutanen ƙauye suka shigo ururu.

Na biyu wuta. Kwamfutar tebur ba ta aiki sai da lantarki a tsaye. Waya kuwa a kan kai ta wurin mai caji a kasuwa, ko a sa mata ɗan faifan hasken rana, ta yini tana aiki.

Na uku igiya. Jan wayar tarho gida gida aiki ne mai cin kuɗi da shekaru. Ƙarfen sabis guda kuwa ya kan wadaci gari da ƙauyukan kewaye. Nijeriya shaida ce. Kafin 2001 layukan tarho na igiya a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na shekarar aka yi gwanjon lasisin wayar hannu, kowane a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, Globacom ya biyo a 2003. Cikin shekara 20 layukan da ke aiki suka haura miliyan 180.

Na huɗu, waya ba ta tilasta wa mutum iya karatu. Tun da WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, wanda bai san boko ko ajami ba ya iya aika magana ya karɓi amsa. A 2020 kamfanin ya ce masu amfani da shi sun kai biliyan 2, watau miliyan dubu biyu.

Na biyar kuɗi. A 2007 kamfanin Safaricom na Kenya ya buɗe M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta waya ba sai an je banki ba, ƙasashe da yawa suka yi koyi. Wanda ya saba karɓar kuɗin hatsinsa ta waya ba ya jin wuyar neman farashin kasuwa a cikinta.

Ganin haka, manyan kamfanoni suka sake tsarin aikinsu. Tun 2018 Google ya fara auna kowane shafi bisa ga yadda ya ke fitowa a fuskar waya kafin ya ba shi matsayi. Shafin da ba ya karantuwa a waya sai ya koma baya, ko da maganar da ke cikinsa mai kyau ce.

WAƊANDA AKA BARI A BAYA

Kada a zaci kowa ya samu. Hukumar Sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 5.5 ke shiga intanet, kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya ke nan, saura biliyan 2.6 ba su shiga. A Afirka masu shiga kashi 38 ne kawai.

Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta ƙara haske a kan wannan. Bisa ga lissafinta na ƙarshen 2023, waɗanda sabis mai ɗaukar intanet bai kai wurinsu ba sam wajen mutum miliyan 350 ne. Amma waɗanda sabis ya kai garinsu, ba su kuwa amfani da shi, sun haura biliyan 3. Ashe babbar matsala ba rashin ƙarfen sabis ba ce. Abin da ya fi tare mutane shi ne tsadar waya, da rashin sanin yadda a ke sarrafa ta, da ƙarancin abin karantawa cikin harshensu. Ƙungiyar ta kuma nuna cewa a ƙasashe masu tasowa mata sun fi maza zama a baya, haka mutanen ƙauye sun fi na birni.

Ma'anar wannan ga Hakimi ita ce, sanarwar da aka aika ta waya kaɗai ba ta isa ga kowa ba. Tsohuwa a ƙauye, da makiyayi a ruga, da matar kulle wadda ba ta da waya tata, duk suna da hakkin su ji.

HATSARIN DA KE CIKI

Hanyar da ke kawo gaskiya da sauri ita ce ke kawo ƙarya da sauri. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Ikko, wani saƙo ya bazu ta waya cikin dare guda cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi don kariya. Mutane da yawa suka yi, aka kwantar da wasu a asibiti, aka kuma ba da labarin mutuwar aƙalla mutum biyu. A Indiya, cikin 2017 da 2018, jita-jitar masu satar yara ta bi ta WhatsApp, taron jama'a suka kashe baƙi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan ya sa kamfanin ya ƙayyade tura saƙo zuwa wuri 5 kawai a lokaci guda, da fari a Indiya a 2018, sa'an nan a duniya duka a 2019.

Akwai kuma mazambata, masu kiran mutum su ce daga banki su ke, su nemi lambar sirrinsa, su kwashe abin da ya tara. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Abu na uku, hanyar tana yankewa. Ran 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, aikin bankuna ya tsaya cak a wurare da dama. Ofishin da ya zubar da littattafansa ya dogara ga waya kaɗai, ran da irin wannan ta faru ba shi da abin dubawa.

ABIN DA A KE BUKATA

1. Kowace sanarwa da za ta fita daga ofishin Hakimi a rubuta ta gajeriya, da Hausa mai sauƙi, yadda za ta karantu a fuskar waya. A sa babbar magana a layin farko: me za a yi, a ina, yaushe.

2. A sa kwanan wata da sunan ofishi da hatimi a jikinta, domin a bambanta ta da ta jabu, kada kuma tsohuwar sanarwa ta dawo bayan shekara ta ruɗa jama'a.

3. A haɗa da saƙon murya saboda waɗanda ba su karatu.

4. Kada a sallami sankira. Abin da aka aika ta waya a maimaita shi ta bakin Dagatai da Masu Unguwa, da masallatan Juma'a, da ranar kasuwa, da rediyo.

5. Malami ya shigar da kowace sanarwa da kowace amsa cikin littafin ofis kamar yadda aka saba, ya ajiye kwafe a takarda.

6. In jita-jita ta taso, Hakimi ya bincika wurin ma'aikatar da abin ya shafa, ya ba da amsa a ranar, ta hanyar da jita-jitar ta bi. Shi da Malaminsa kada su tura wani saƙo gaba sai sun tabbatar da tushensa, gama abin da ya fito daga wayar Hakimi talakawa hukunci su ke ɗaukarsa.

7. A ja kunnen jama'a kada su ba kowa lambar sirrin banki, kada kuma su ba wani aron layin da aka yi wa rajista da sunansu. Tun Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta umurta a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, laifin da aka yi da layi kuwa mai sunan za a fara nema.

8. A sa ido kan ƙarfen sabis da ke cikin gunduma. Wanda ya saci batir ko man injinsa, ko ya tone igiyarsa, ya yanke wa gari duka hanyar kiran likita da 'yan sanda.

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. A da ɗan aike bisa doki shi ke kai takardar Sarki, daga baya waya ta tangaraho da gidan waya da rediyo suka zo, sarauta ta karɓe su ta yi aiki da su. Wannan ma haka za a yi da ita. Gundumar da Hakiminta ya riga mai ƙarya isa kunnen talakawa, ita ce za ta zauna lafiya.

Allah ya taimaki Sarki, ya ba Hakimai ikon riƙon amana, ya ba ƙasa lafiya da wadata. Amin.